Zinariya Ta Gwamnati, Rami Na Wa?

Ran nan muna cikin darasin labarin ƙasa, muna nuna wa yara taswirar Jihar Kebbi, sai wani yaro mutumin Birnin Malam ya ɗaga hannu, ya ce, "Malam, in ina gina rijiya a gonar babana na tarar da zinariya, tamu ce?" Muka ce masa a'a, ta Gwamnati ce. Ya yi shiru, can ya ce, "To, ramin fa?" 'Yan aji suka fashe da dariya. Mu ma muka yi, amma da muka koma gida muka zauna, sai muka ga ashe yaron nan ya yi tambayar da ta fi shekara ɗari tana neman amsa a ƙasar nan. Don haka muka ga ya kamata mu ɗebo labarin tun daga tushe, mu shimfiɗa muku shi, ku 'yan makaranta.

Ku fara sanin irin ƙasar da kuke takawa. Ƙasar Jega da Aliero da Maiyama tana kan duwatsun da masana ke kira na kwance, watau rairayi da yumɓu da laka waɗanda ruwa ya tara tun zamanin da ba mutane, suka daskare hawa hawa. A bisansu akwai marmara, jan dutsen nan da muke zuba wa hanya, wanda muna tsammani shi ya ba Jandutsi, maƙwabciyar Birnin Malam, sunanta. Irin wannan ƙasa tana riƙe ruwa, tana ba da albasa da gero da shinkafa, amma ba ta da jijiyar zinariya. Zinariya sai a tsofaffin duwatsu masu tauri, waɗanda ke fitowa fili in an nausa kudu wajen Yawuri, ko gabas wajen Anka da Maru. Saboda haka yaron nan ko ya gina rijiya goma, da wuya ya ga abin da yake tsammani. Amma kada ku ce labarin bai shafe mu ba. Gulbin da ke wucewa ta Jega daga ƙasar Zamfara ya taso, Yawuri kuwa jiharmu ɗaya da ita, kuma duk wanda ya san kasuwar Jega ya san ba abin da ke faruwa a waɗannan wurare da ba a jin ƙamshinsa a nan.

Tun kafin zuwan Turawa mutanenmu suna haƙa. Akwai masu narka tama su ba maƙera ƙarfe, akwai masu dafa gishiri a Foga, akwai masu narka kuza a Riruwai su mai da ita siraran sanduna kamar tsinke, fatake su yi ta yawo da ita. A littattafan fiƙihu na Malikiyya kuwa hukuncin ma'adini yana hannun shugaba, shi ke ba wanda ya ga dama izni. Ashe ke nan cewa abin da ke ƙarƙashin ƙasa na hukuma ne ba baƙon zance ba ne gare mu. Sai dai a wancan zamani hukumar tana kusa. Mai ba da izni da mai haƙa da mai gona duk sun san juna, ramukan kuma ƙanana ne, na gatari da ƙwarya.

Ran 1 ga Janairu 1900 Gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga hannun Kamfanin Neja, ta biya shi fam 865,000. Cikin sharuɗɗan cinikin akwai wani da ya kamata ku riƙe. An yarda kamfanin zai riƙa karɓar rabin la'adar duk ma'adinin da aka haƙa tsakanin Kwara da wani layi da aka ja daga Yola zuwa Damagaram, har shekara 99. Ku duba taswira, za ku ga Jega da Yawuri da Anka da Jos duk suna ciki. Ku kuma duba shekarar. Sakkwato ba ta faɗi ba sai Maris 1903, watau an raba abin da ke ƙarƙashin gonakin kakanninmu shekara uku kafin masu rabon su zo su ga gonakin. Sai da aka yi wajen shekara hamsin ana biyan wannan rabi kafin Gwamnati ta fanshe shi da fam miliyan ɗaya.

Da Gwamna Lugga ya zauna, sai aka shiga neman sanin abin da aka saya. Daga 1904 zuwa 1909 aka aiko masana suka zaga Arewa suna tsintar duwatsu suna aikawa London a gwada. Ɗaya daga cikinsu, Dokta Falconer, shi aka ba shugabancin Ma'aikatar Binciken Duwatsu da aka kafa a 1919. Kafin nan, a 1916, an yi doka wadda ta ce dukan ma'adinan Nijeriya mallakar Sarkin Ingila ne, ba mai nema ko haƙa sai da lasin. An bar wa 'yan ƙasa su ci gaba da ɗibar tama da gishiri da kanwa da tozali a inda suka saba ɗiba, abin da ya wuce wannan kuwa sai da takarda. Ku lura da tozali, za mu komo kansa.

Abin da ya fi jan hankalin Turawa kuza ce ta tsaunukan Jos. Tun wajen 1910 kamfanoni suka yi caa a kanta, har aka ja siririn jirgin ƙasa daga Zariya ya isa can a 1914. An naɗa sufetocin haƙa, aikinsu su auna fili, su ba da lasin, su ƙidaya buhunan kuza, su karɓi la'ada, su bincika in haɗari ya auku. Sun yi wannan aiki da ƙwazo, ba mu hana musu ba. Amma babu wanda aka ɗora wa tambayar abin da zai sami gonar Birom bayan an kwashe abin da ke cikinta. Kamfani ya yaye ƙasar sama, ya tara ta tsibi tsibi, ya wanke ta ƙasa da ruwa, in kuza ta ƙare ya naɗe kayansa ya matsa gaba. Da Japan ta kama Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar mahaƙarta ta kuza, sai aka juyo kan Jos gaba ɗaya. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi ta ɗibar mutane dubun dubata daga lardunan Arewa ana kai su aikin tilas, abin da tsofaffi ke kira ɗiban Gwamna. Mutanen da suka saba da zafin rana aka kai su kan tsauni cikin sanyi, ga ƙarancin abinci, ga ciwo, da yawa ba su komo ba. A 1943 kuzar da aka haƙa ta wuce tan 17,000, ba a taɓa samun kamarta ba kafin nan ko bayan nan.

Sai da yaƙi ya ƙare aka waiwayi ramuka. Sabuwar dokar ma'adinai da ta fara aiki a 1946 ta ba Gwamnati ikon tilasta wa mai haƙa ya gyara filin da ya ɓata. Wannan doka ta sha suka, domin ta sake nanata cewa ma'adinai na Sarkin Ingila ne. Tana cikin dokokin da jam'iyyar NCNC ta zaga ƙasa tana kuka da su a 1946, har ta aika wakilai London a 1947, cikinsu da Malam Bukar Dipcharima na Barno. Duk gardamar a kan wa ke da dukiyar aka yi ta, sashen cike rami bai sami mai yi masa dogon jawabi ba. An dai kafa wata 'yar ƙungiya ta gyaran fili a Jos, ta baje wasu tsibi, ta dasa itatuwan turare. Amma filin da haƙa ya ɓata ya fi murabba'in kilomita 300, abin da aka gyara kuwa ɗan kaɗan ne, tun da yawancin ɓarnar an yi ta kafin dokar, masu yinta kuma wasu sun daɗe da barin ƙasar. Kasuwar kuza ta faɗi a 1985. Tafkunan da aka bari suna nan, masu lambu na ban ruwa da wasu, wasu kuwa suna cin mutane da dabbobi.

Mu komo kusa da gida. A Satumba 1931 Ingila ta daina ɗaure darajar fam da zinariya, sai kuɗin zinariya ya tashi. Nan da nan masu nema suka bazu a lardunan Neja da Zariya da Sakkwato, suka kafa sansani a Minna da Birnin Gwari da ƙasar Yawuri da ƙasar Anka. Yawancin aikin wankan rairayin rafi ne. Lebura ya wanke, ya kawo wa mai lasin, a auna a biya shi. Kasuwar ta yi shekara goma tana ci, yaƙi ya zo ya kashe ta, domin kuza ake so a sa'an nan. Turawa suka tashi. Abu biyu suka bari a baya, ramuka da sani. Mutanen ƙauyukan nan sun ga inda zinariya take, sun kuma koyi yadda ake wanke ta, suka koya wa 'ya'yansu.

A nan sai mu yi adalci, mu faɗi wani alheri da ma'aikatar duwatsu ta yi wa lardin Sakkwato a wannan zamani, don shi ne kaɗai aikinta da talakan ƙasarmu ya gani da idonsa. Kun san rijiyar gargajiya a ƙasa mai rairayi yadda take rubzawa, wani lokaci da mai ginin a ciki. Daga ƙarshen shekarun 1920 masanan ma'aikatar suka shiga binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa a lardin nan. Biyu daga cikinsu, Raeburn da Tattam, suka buga rahoto a kan duwatsun Sakkwato a 1930, wani kuma, Brynmor Jones, ya buga mafi cika a 1948. Da wannan sani aka riƙa zaɓen wuri, a gina rijiya a ɗaure cikinta da siminti tun daga baki har ruwa. Har yau hawan rairayi da yumɓun da ke ba yawancin yammacin jiharmu ruwa, sunan Gwandu masana ke kiransa da shi a littattafansu. Ilmin da ya nuna wa kamfani inda kuza take, shi ne ya nuna wa ƙauye inda ruwa yake. Bambancin kawai wanda aka aiki masanin ya yi wa aiki.

Bayan an sami mulkin kai a 1960, daga baya aka cire sunan Sarauniya aka sa na Gwamnatin Tarayya, sauran zance yana nan yadda yake. Tsarin Mulki na 1999, sashe na 44, ya tabbatar da haka. Man fetur kuwa ya ɗauke hankalin hukuma shekara da shekaru, ofisoshin sufetocin haƙa suka zama kufai. A 2007 aka yi sabuwar doka, kuma in kun karanta ta za ku yaba. Ta kafa ofishin rajistar lasin a Abuja, da sashen sufetoci, da sashen kula da lafiyar ƙasa. Ta ce mai haƙa ya yi yarjejeniya da mutanen wurin kafin ya fara, ya zuba kuɗi a wani asusu na gyaran fili, ya kuma mai da wurin yadda zai amfanu in ya gama. Ta ce a kafa kwamiti a kowace jiha, ƙananan masu haƙa kuma su haɗu ƙungiya ƙungiya a yi musu rajista.

Shekara uku bayan wannan doka abin da za mu faɗa muku ya auku. Kuɗin zinariya a duniya, wanda bai kai dala 300 kowace oza ba a 2001, ya haura dala 1,200 a 2010. Manoman ƙasar Anka da Bukkuyum suka tuna da sanin kakanninsu. Amma wannan karo ba rairayin rafi suka tsaya wankewa ba, jijiyar dutse suka bi. A fasa dutse a rami, a ɗauko shi a buhu a kawo cikin gari, a daka a turmi ko a zuba a injin niƙan hatsi, a wanke garin, a kama zinariyar da zaiba, a shanya sauran a tsakar gida. Abin da ba wanda ya gaya musu shi ne dutsen nan cike yake da dalma. Ga inda tozali ya komo, gama dutsen tozali na gargajiya shi kansa dutsen dalma ne, mun daɗe muna zaune da ita ba mu san sharrinta ba. Ƙurar niƙa ta sauka a ɗaki da tsakar gida da bakin rijiya. Babba yana iya ɗaukar abin da yaro ba ya iyawa. Yaro mai rarrafe kuwa hannunsa daga ƙasa sai baki, jikinsa kuma ya fi na babba saurin shan dalma, ta wuce ta taɓa ƙwaƙwalwa.

A Maris 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda ke zagayen duba sanƙarau da ƙyanda, suka ji labarin yara suna ta suma da fizge-fizge suna mutuwa a wasu ƙauyuka, maganin zazzaɓi kuma ba ya yi musu kome. Da aka aika jininsu waje aka gwada, sai aka ga dalma. Ku lura, ba sufeton haƙa ya gano abin ba, likita ne da ya zo neman wata cuta dabam. A watan Yuni hukuma ta ba da sanarwar mutuwar mutum 163, 111 daga ciki yara. Daga baya lissafi ya kai yara wajen 400. A Dareta da 'Yargalma, da aka bi gida gida, aka tarar cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar ɗaya ya rasu a shekara guda. Ma'aunin da Amurka ke aiki da shi a lokacin ya ce kada dalma ta wuce kashi 400 cikin miliyan a ƙasar da yara ke wasa. A wasu wurare a ƙauyukan nan an auna fiye da 100,000.

Yadda aka yi gyaran ya isa a koya a makaranta. Akwai magani mai jawo dalma daga jini, amma ba shi da amfani in yaro zai koma ya zauna kan ƙasar da ta ba shi ciwon. Saboda haka sai an warkar da gida kafin a warkar da yaro. Sarakunan wurin suka ba da umurni a fitar da niƙa da daka bayan gari. Wani kamfanin Amurka mai suna TerraGraphics, da ƙungiyar Blacksmith, da ma'aikatan Jihar Zamfara, suka ɗauki mutanen ƙauyukan aiki. Da fartanya da shebur aka kankare ƙasar sama ta kowane gida, aka zuba a buhu, aka kai wani rami da aka shirya aka binne, aka kawo ƙasa mai tsabta aka shimfiɗa. Daga Yuni 2010 zuwa Maris 2011 aka gama ƙauyuka 7. Saura Bagega, wadda ta fi su girma, da yara wajen 1,500 suna jiran magani. Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin kuɗi, amma ba su fito ba sai Janairu 2013, bayan an yi ta kuka a gida da waje. Aka gama gyaran Bagega a cikin shekarar. MSF kuwa ba ta miƙa aikin ga hukumar jiha ba sai Fabrairu 2022. A 2015 irin wannan ta sake aukuwa a ƙasar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Kada ku zaci mu kaɗai ne hukumarmu ke makara. A ƙauyen Aberfan na ƙasar Wels, ran 21 ga Oktoba 1966, tsibin ƙasar da aka tono daga ramin kwal ya jiƙe da ruwa ya gangaro kan makarantar elementare, ya kashe mutum 144, 116 yara. Sai bayan haka, a 1969, Ingila ta yi dokar kula da irin waɗannan tsibi. Amurka ma sai a 1977 ta yi dokar da ta ce mai haƙar kwal ya ajiye jingina tun kafin ya sa gatari, in ya gudu bai cike rami ba a cike da kuɗinsa. Mu a ganinmu wannan dabara ta jingina ta fi duk wata barazana, domin mai haƙa yana da kuɗi ran da ya zo, ran da zai tafi ne ba a samunsa.

Tun daga nan hukuma tana jarraba hanya biyu, wani lokaci ta hana, wani lokaci ta jawo. A Afrilu 2019 aka hana haƙa a Zamfara saboda 'yan bindiga, ba a ɗage hanin ba sai Disamba 2024. A 2020 kuwa aka fara wani shiri na yi wa ƙananan masu haƙar zinariya rajista a sayi abin da suka samu, Kebbi tana cikin jihohin farko, har a watan Yuli aka kai wa Shugaba Buhari curin zinariya mai nauyin kilo 12.5. A Satumba 2023 Gwamnatin Kebbi ta ba da sanarwar dakatar da haƙa a jihar. A Yuni 2024 rami ya rubza da masu haƙa da yawa a Galadima Kogo ta ƙasar Shiroro, bayan ruwan sama mai yawa. Mu dai ba mu ga hani ya cike rami ko ɗaya ba. Wanda yunwa ta kai shi daji ba takarda ce za ta dawo da shi ba, sai dai ya ƙara ɓuya, in ya ɓuya kuwa ba mai koya masa ya jiƙa dutse kafin niƙa, ko ya yi wanka ya sake tufafi kafin ya ɗauki ɗansa. Rajista ta fi, in har bayan an rubuta sunan mutum akwai wanda zai taka ya je bakin ramin. Abin da ya faru a Zamfara ya nuna wanda ake jin maganarsa a ƙauye. Lasin daga Abuja yake fitowa, amma da aka tashi fitar da injin niƙa daga cikin gari, hakimi da dagaci aka nema.

Washegari muka kai wa yaron amsarsa. Muka ce bisa dokar 2007 ramin na mai lasin ne, shi zai cike shi, in kuwa ba lasin, to, ba sunan kowa a takarda, ramin ya zama na wanda gidansa ya fi kusa. Ya rubuta a littafinsa, sa'an nan ya tambaya ko manyan ramukan da masu motoci ke bari a bakin hanya in sun ɗebi marmara da yashi suna cikin wannan lissafi. Muka ce suna ciki, gama dokar ta sa marmara da yashi da tsakuwa cikin abin da ba a ɗiba don ciniki sai da lasin.